Rufin Gidanmu a Interlagos

Ba da ido na fara ba, da haƙarƙari na fara.
Ina shekara bakwai, wata Juma'a,
malamar lissafi ta ajiye alli don ba mai jin ta.
Gilashin taga na karkarwa kamar mai masassara,
wani abu can bayan tabki yana yaga iska
yadda Inna ke yaga tsohon zanen gado.

Babana Valdomiro makaniken bas ne,
baƙin mai ya tare a farcensa, ko ranar coci ba ya tashi.
Tikiti ɗaya kuɗin hayarmu ne na wata biyu,
sai ya jingina tsani, ya ce, Dalva, hau, kar ki dubi ƙasa.
A kan rufi, tsakanin tankin ruwa da igiyar shanya,
rabonmu a duk filin tseren kwana ɗaya ce tak,
ita ma bangon Anselmo ya cinye rabinta.

Daƙiƙa biyu. Ka ƙifta, ka yi asara.
Mota ba riga, ba rufi,
tayoyi huɗu a waje kamar gwiwoyin fara,
kan mutum a tsakiya, ƙwai a cikin cokali.

Baba shi rufe ido yake yi.
Ji wannan, in ji shi, ya sauke giya da wuri, tsoro ne.
Wancan kuwa bai taka birki ba sai da ya gaisa da bango.
Ni ƙara kawai nake ji.
Sai a shekara ta uku ƙarar ta rabu gida-gida,
kowane inji da muryarsa, kamar maƙwabta.

Kowa na bayan na gaba. Ni wata koriya na zaɓa,
ba don komai ba, launin takalmina ne.
Kullum a wutsiya take.
Ran nan hadari ya taso daga wajen tabki,
kwalta ta zama madubi, manya suka yi ta juyi kamar faifai,
koriyata na tsince su ɗaya-ɗaya.
Ta tara. Ta shida. Ta huɗu!
Na yi ihu har kare ya gudu ƙarƙashin tanki.
Saura zagaye biyu,
na jira ta a kwanarmu,
na jira,
hayaƙi ne ya zo a madadinta.

Na yi kuka, majina da ruwan sama.
Baba ya goge min fuska da tsumman aikinsa, ya ƙara ɓata ta,
yana dariya: shi ke nan, ta kama ki.
Wanda ya ci yakan manta.
Mai karyayyar zuciya shi ke dawowa baɗi.

Na dawo. Shekara hamsin ina dawowa.
Ƙarfe uku na dare, in ana tsere a wancan gefen duniya,
ni da shayi da talabijin mai muryar ɓera,
Osvaldo na tsaki daga ɗaki, har ya gaji, har ya zo ya zauna.
An canza injuna, ƙarar ta yi laushi, na yi mita, ban tafi ba.
An yi bene mai hawa goma a gaban kwanarmu
shekarar da muka binne Baba.

Bara na sayi tikiti, biyu ma.
Jikana Ubirajara ya san nauyin kowace taya,
waya a hannu, lambobi na zuba, yana min bayani.
Fitilu suka mutu, ƙasa ta motsa a ƙarƙashin benci.
Na karɓe wayar, na sa tafina a idonsa.
Ya ce, Kaka, ba na gani!
Na ce, na sani.
Can na ji haƙarƙarinsa a jikin hannuna,
ya daina magana.